Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Ɗan Adaidaita Sahu da Dokokin da Bai San Suna Kare Shi Ba

A shekarar 1957 wata kotu a Yankin Yammacin Najeriya ta saurari ƙarar wani mutum da ya karɓi babbar mota bisa yarjejeniyar biya da kaɗan-kaɗan. Jimillar kuɗin fam 1,000 ne. Ya biya fam 995, ragowar fam 5 suka gagare shi a kan lokaci, mai motar kuwa ya zo ya ƙwace abarsa. Kotu ta ce yana da ikon yin haka, domin a dokar da aka gada daga Ingila motar tasa ce har ranar da aka cika sisin ƙarshe, duk abin da aka ba shi kafin wannan rana kuɗin haya ne kawai. Har yau ɗaliban shari'a suna karanta wannan hukunci a darasin dokar kasuwanci, a matsayin misalin irin ta'asar da ta sa aka kafa dokar cinikin haya mai ƙarewa da mallaka ta shekarar 1965.

Shekara kusan 70 ke nan da wancan hukunci, amma wanda ya zauna a inuwar da 'yan adaidaita sahu suke shan iska da azahar a Kano ko Zariya ko Gusau ba zai daɗe ba zai ji labari mai kama da shi. Matashi ya shafe fiye da shekara yana kai kuɗi duk mako, ciwo ya kwantar da shi ko injin ya buga, ya yi 'yan makonni bai kai ba, sai a wayi gari an aiko an ɗauke babur ɗin daga ƙofar gidansu an miƙa wa sabon direba, abin da ya zuba kuma ya bi ruwa. A 1957 doka tana bayan mai ƙwacewa. A yau, muddin biyan ya yi nisa, tana bayan wanda aka ƙwace wa. Sai dai shi bai sani ba, mahaifinsa da ya tsaya masa bai sani ba, sau da yawa ma shi kansa mai babur ɗin bai san ya taka doka ba.

Ana yawan cewa Najeriya ba ta da dokokin da ke kare talaka a harkar ciniki. Wannan zance bai yi daidai ba. Dokokin suna nan, wasunsu sun girmi mafi yawan mutanen da ake cuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za su bi su isa kunnen mai haƙƙi da harshen da yake ji, tun kafin ya dangwala yatsa a kan takarda. Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar a rayuwar direban babur mai ƙafa uku, domin shi kaɗai ya tara matsayi uku a jikinsa: mai saye ne, ana binsa bashi, kuma kullum yana kan titi inda zai iya buge wani ko a buge shi.

Babur ɗin ya bazu a ƙasar nan ne ta shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo, inda ya samo sunan Keke Napep. A Kano ya ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sa'annan ya zama babbar hanyar sufurin birni bayan da aka hana ɗaukar fasinja a acaɓa a farkon 2013. Kaɗan ne daga cikin masu tuƙa shi suke iya saye da kuɗi hannu. Wasu suna karɓa ne a kan balas zalla, wato su kai wa mai shi wani adadi kullum ba tare da babur ɗin zai taɓa zama nasu ba, wannan haya ce tsantsa. Wasu kuwa suna karɓa ne bisa sharaɗin idan sun cika wani adadi da aka yanke, wanda ya ɗara kuɗin kasuwa nesa, babur ya zama nasu. Kashi na biyun nan shi ne dokar 1965 ta yi magana a kansa, kuma abin da ta faɗa ya cancanci a tsaya a kansa.

Da farko ta wajabta wa mai kaya ya bayyana wa mai karɓa, a rubuce, kuɗin da abin zai ci da a ce kuɗi hannu za a biya, tun kafin a ƙulla ciniki. Hikimar wannan a fili take: mutum ya ga tazarar da ke tsakanin farashin yau da farashin jinkiri, ya san nawa yake biya saboda rashin kuɗi a hannu. Sa'annan dole a rubuta takardar yarjejeniya wadda mai karɓa zai sa wa hannu, mai ɗauke da jimillar kuɗin, da adadin kowane biya, da ranar da za a yi shi, kuma a ba shi kwafinsa cikin kwana 14. Mai kayan da ya ƙi yin haka yana iya rasa ikon tilasta yarjejeniyar a kotu, har da ikon bin wanda ya tsaya wa direban. Dokar ta kuma soke duk wani sharaɗi da ya ba mai kaya izinin kutsawa gidan mutum don ɗauke kayan, ko da kuwa an rubuta shi an sa hannu.

Zuciyar dokar tana sashe na 9. Idan abin hawa ne mai inji, kuma mai karɓa ya biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, to mai kaya ba shi da sauran ikon ƙwacewa da hannunsa, sai dai ya je kotu. A ce an yanke babur a kan naira miliyan 5, ranar da abin da direba ya zuba ya kai miliyan 3 ya shiga inuwar wannan sashe. Idan mai kaya ya yi gaban kansa ya ƙwace bayan haka, yarjejeniyar ta warware, direba ya kuɓuta daga ragowar bashin, kuma yana da ikon ya nemi a mayar masa da duk abin da ya biya tun daga kafin alƙalami. Hukunci ne mai tsauri, da gangan kuma aka tsaurara shi, domin waɗanda suka rubuta dokar suna tune da mutumin fam 995.

Masu zuba jari a wannan harka suna da nasu kukan, kuma ba kukan banza ba ne. Akwai direban da zai karɓi babur ya tsallaka da shi wata jiha a daina jin ɗuriyarsa. Akwai mai cire sababbin kayan inji ya sayar ya mayar da tsofaffi, akwai mai barin babur ya lalace da zarar ya ga ba zai iya cikawa ba. Da yawa daga masu bayarwar ba attajirai ba ne: ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa, ko bazawara da ta sayar da gadonta ta sayi babur biyu don ta ciyar da marayu. Idan aka ce sai kotu, kuma shari'a ta yi shekara tana jan ƙafa, kafin a yanke hukunci babur ya zama gwangwani. Dokar ba ta toshe kunne ga wannan ba. Gyaran da aka yi mata a 1970 ya ba mai kaya damar, idan biya uku ko fiye suka taru ba a kawo ba, ya ɗauke abin hawan ya ajiye a wurin da ke hannunsa don kare shi daga lalacewa, har kotu ta yanke hukunci. Ajiya ce aka ba shi izini, da jiran alƙali. Miƙa babur ga sabon direba washegari da cinye kuɗin na farko ba ya cikin abin da aka halatta masa. Shi ma direban da ya ga ba zai kai labari ba, doka ta buɗe masa ƙofar fita cikin mutunci: ya ba da sanarwa a rubuce, ya mayar da kaya, ya cika abin da ya biya zuwa rabin jimillar kuɗin idan bai kai ba.

Wannan doka ta tsufa, kuma tsufanta ya nuna. Ga kayan da ba abin hawa ba, ta taƙaita kanta ga cinikin da bai wuce naira 2,000 ba, adadin da a 1965 yake sayen kayan ɗaki, a yau kuwa da ƙyar ya sayi kwanon abinci. Ma'ana mai karɓar keken ɗinki ko injin markaɗe ko firji a kan biya da kaɗan-kaɗan ya fita daga inuwarta ba don wani ya fitar da shi ba, sai don darajar naira ta zube majalisa kuma ba ta waiwaya ba. Abin hawa ne kaɗai ba a sa wa iyakar kuɗi ba, shi ya sa ɗan adaidaita yake da abin riƙewa har yanzu.

A aikace, rikicin bashi a unguwa ba kasafai yake zuwa gaban alƙali ba, caji ofis yake tafiya. Mai bin bashi ya rubuta ƙorafi ya kira abin cin amana ko zamba, a kamo yaro, idan ba a same shi ba a kamo yayansa ko mahaifinsa, a rubuta alkawarin biya a kan kanta, a nemi kuɗin beli. Mutane sun saba da wannan har sun ɗauka haka tsarin yake. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama mutum a madadin wani a sashe na 7, ta kuma hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai a sashe na 8. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a kowace jiha, ta maimaita duka biyun. Kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, sun kuma sha ɗora diyya a kan wanda ya kai ƙarar tare da waɗanda suka yi kamun. Wanda ya sayar da babur ɗin da ba nasa ba ya aikata laifi, wannan kam aikin 'yan sanda ne. Wanda ya gaza biya saboda rashi bai aikata laifin da za a rufe shi ba. Ga mai bin bashin ma akwai hanya mafi sauƙi da doka ta tanada, domin Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan da'awowi a 2019 don irin wannan rikici, inda mutum zai iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba.

Direban da mako ya ƙare bai haɗa kuɗi ba yakan faɗa hannun manhajojin ba da rance na waya, ya ci bashi don ya biya bashi. Halin waɗannan ya riga ya zama sananne: ruwa mai yawa a cikin kwanaki kaɗan, sa'annan idan an makara a kwashe lambobin da ke wayar mutum a aika wa surukansa da limamin unguwarsu saƙon cewa ɓarawo ne. Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista a wannan shekarar. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mai karɓar rance, a shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Bashin yana nan a wuyan wanda ya ci, sai ya biya. Tozarta shi a gaban dangi kuwa laifi ne daban da yake da ikon kai ƙara a kansa.

Tun kafin a kai ga maganar bashi akwai maganar lafiyar abin da aka saya. A kasuwar ababen hawa, ko ta babura ko ta motoci 'yan Kwatano, ƙa'idar da aka ɗauka ita ce da zarar kaya ya bar wurin ciniki ya faɗa, wasu ma har suna buga wannan a ƙasan rasit. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta maye gurbin ta 1992, ba ta yarda da haka ba. Ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saba yi da irinsa. A sashe na 132 ta ce idan kayan bai cika wannan ba, mai saye yana da wata uku daga ranar da ya karɓa ya mayar da shi ba tare da tara ba, ɗan kasuwa kuma ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi. Ta wajabta wa mai sayar da kayan da aka taɓa amfani da su ko aka yi wa kwaskwarima ya bayyana haka a fili. Wanda ya sake fenti ya juya lambar tafiyar mota baya ya ce yanzu aka sauke ta daga jirgi, ya saɓa wa wannan kai tsaye. A Amurka, inda jihar Kanetikat ta fara kafa doka ta musamman a 1982 kan sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa, akwai lauyoyin da wannan ce sana'arsu kacokan. A nan kuwa wata ukun kan ƙare mai saye yana zarya tsakanin dillali da bakanike, ana ce masa ya yi haƙuri, haka inji yake.

Abin mamaki shi ne wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin ciniki, inda aka haramta algus da ɓoye aibi, aka kuma ba wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Dillalan dawakai da na shanu sun san wannan hukunci tun kafin mota ta zo. Yadda aka yi aka yarda cewa ya hau kan doki amma bai hau kan mota ba, tambaya ce da ya kamata a yi wa 'yan kasuwar da suke sahun gaba a masallaci.

Inda rashin sani ya fi yin ɓarna shi ne wajen haɗari. Tun 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane mai abin hawa yin inshorar da za ta biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu ta dalilinsa, kuma ta haɗa da fasinjan da ya biya kuɗin mota. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ga babur mai ƙafa uku an yanke naira 5,000, iyakar ɓarnar dukiya miliyan 2. Waɗannan iyakoki na dukiya ne, ba su ne ma'aunin rauni ko rai ba. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakar takardar a faɗin ƙasa, a cikin shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta tattara dokokin inshora wuri guda.

Duk da haka, a idon mafi yawan direbobi inshora takarda ce da ake nuna wa jami'i a shingen hanya. Da yawa suna sayenta a hannun 'yan ƙanzagi a bakin ofishin lasisi ba tare da sanin sunan kamfanin ba, wani lokaci ma babu kamfanin sam, alhali ana iya duba sahihancinta ta waya da lambar abin hawa a rumbun bayanan ƙungiyar masu inshora. Idan aka buge mutum, abin da ke biyo baya sananne ne. A kwashe shi zuwa asibiti ko wurin mai ɗori, 'yan ƙungiyar direbobi su yi karo-karo su kawo abin da ya sawwaƙa, dattawa su zauna, a ce ƙaddara ce, a yafe. Magidancin da ƙafarsa ta karye biyu ya yi wata shida a kwance, ya sayar da gonarsa don a sa masa ƙarfe a asibitin ƙashi, babu wanda ya ambaci kamfanin da ya karɓi kuɗi musamman don irin wannan rana.

Yafiya hali ne na girma, babu mai ja da wannan. Amma ya kamata a duba wanda ake yafe wa. Idan direba yana da inshora ta gaskiya, kuɗin jinya ba daga aljihunsa za su fito ba, saboda haka wanda ya ce ya yafe bai sauƙaƙa wa talaka ɗan'uwansa komai ba, kamfani ya bar wa kuɗin da ya riga ya karɓa. Idan kuma mamacin ya bar ƙananan yara, abin da za a biya dukiyarsu ce, malaman fiƙihu kuwa sun tsananta ƙwarai game da sarayar da dukiyar maraya. Imani da ƙaddara bai taɓa kore lamuni ba a shari'ar Musulunci: littattafan Malikiyya sun ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta alhakin abin da ta taka, sun kuma raba diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Wanda yake da shakku kan halaccin inshorar zamani yana da mafita, domin tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanonin da ke aiki a kansu. Tilasta wa direba riƙe takarda ba tare da koya wa fasinja yadda zai nemi haƙƙinsa da ita ba, haraji ne kawai aka ƙara. Hukumar da ke son a yarda da ita sai ta riƙa bayyana mutum nawa aka biya, ba abin hawa nawa aka kama ba.

Akwai abubuwa biyu da jahiltarsu ke jawo asarar da ba ta gyaruwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Cewa sai an ajiye kuɗi ko sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa mai zubar da jini ba shi da madogara. Na biyu shi ne wa'adi. Idan abin hawan da ya yi ɓarnar na hukuma ne kuma ma'aikaci ne yake tuƙi a bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Iyalin da suka tsaya jiran alkawarin za a duba lamarin sukan farga bayan ƙofa ta rufe. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, bisa dokarta ta 2011, tana da hurumin tsaya wa marasa ƙarfi a da'awar haɗari kyauta, amma kaɗan ne suka san tana yin wani abu ban da shari'ar masu laifi.

Duk waɗannan dokoki da Turanci aka rubuta su, Turancin ma na lauyoyi, wanda mai digiri a wani fanni yake tuntuɓe a cikinsa. Haka takardun yarjejeniyar da ake miƙa wa direba, haka takardar inshora, haka sharuɗɗan manhajar rance. Wannan matsala tsohuwa ce. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta wajabta wa wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Amma a wata shari'a ta 1962 da ta taso daga Arewa, Kotun Ƙolin Tarayya ta yanke cewa mutumin da ya iya karatu da rubutu da Larabci bai shiga cikin waɗanda dokar take karewa ba, ko da yake takardar lamunin da ya sa wa hannu da Turanci take. Iliminsa ya zame masa laifi. Hukunce-hukuncen baya sun karkata ga duba harshen da aka rubuta takardar da shi, abin da ya fi kusa da hankali.

Dokar 2018 ta ƙara matsawa gaba. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani da harshe mai sauƙi wanda ake fahimta, ma'aunin kuwa shi ne ko talakan mai saye daga cikin irin mutanen da aka yi takardar dominsu zai gane abin da ta ƙunsa ba tare da wahala ba. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan yarjejeniyar Turanci mai shafi huɗu da aka miƙa wa matashin da karatunsa na allo ne, da wuya a ce ta tsallake. Wannan sashe makami ne da ke jiran lauyan da zai gwada kaifinsa a kotu, da hukumar kare masu saye ta jiha da za ta mayar da shi ƙa'idar aiki.

A nan ne nauyi ya sauko kan masana harshen Hausa. Har yanzu babu kalma guda da aka daidaita a kanta don wannan nau'in ciniki na haya mai ƙarewa da mallaka, kowace tasha da yadda take lanƙwasa sunan Turancin. Kafofin yaɗa labarai suna cewa inshorar ɓangare na uku, fassarar da ta bi kalma ta bar ma'ana, domin mai sauraro bai san wane ne na ɗaya da na biyu ba balle ya gane cewa shi ne na ukun. Da an ce inshorar wanda aka yi wa ɓarna, da tsohuwar da ke bayan adaidaita ta gane da ita ake. An yi irin wannan aiki a baya: a 1991 hukumar binciken ilimi ta ƙasa ta wallafa ƙamus na kalmomin majalisa da Turanci da Hausa da Igbo da Yarabanci. Kalmomin kasuwa da bashi da diyya sun fi na majalisa kusa da rayuwar mutane, kuma rabinsu suna nan a littattafan fiƙihu da bakin dillalai, tattarawa da tacewa kawai suke jira. Aiki ne da sashen Hausa da tsangayar shari'a na jami'a ɗaya za su iya gamawa a zangon karatu biyu, idan suka yarda su zauna a teburi guda.

Majalisar dokokin jiha ko hukumar da ke yi wa baburan rajista tana iya ɗaukar mataki ɗaya wanda ba ya cin kuɗi: kada a yi wa babur ɗin biya da kaɗan-kaɗan rajista sai an haɗa da shafi guda na Hausa, da boko da ajami, wanda ɓangarorin biyu da mai tsayawa suka sa wa hannu. A rubuta a cikinsa kuɗin babur a kasuwa, da jimillar da aka yanke, da adadin kowane biya da ranarsa, da adadin da idan an kai shi kashi uku cikin biyar ya cika, da abin da mai kaya zai iya yi idan biya uku suka taru, sai sunan kamfanin inshora da lambar wayarsa. Kwafi ɗaya ya zauna wurin mai babur, ɗaya wurin direba, ɗaya a ofishin ƙungiya, a kuma liƙa sunan kamfanin inshorar a bayan kujerar direba inda fasinja zai gani.